Littafin Sanarwa

Idan an ɗauke ƙoƙo daga bagade,
Fada ya zauna yana share gumi,
sai ni, Ishaku Bobai, in miƙe
da littafina mai baƙin bango.
Shekara ashirin da uku ke nan
ina karanta wa Kakuri labarinta,
tun masaƙa na busa ƙaho da asuba
har ta yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofarta.

Jama'a, batun kwano dai.
Kun ga robobi huɗu a tsakar coci,
ba wanki muke ba,
damina ce ke kawo nata baiko ɗigo-ɗigo.
Mun tara rabi. Kafinta ya ce
ƙusa ma ta ƙara kuɗi tun Ista.

Zumuntar Mata, Laraba ƙarfe huɗu,
huɗun agogo, ba huɗun Mama Kasham ba.
Dariya ta tashi daga bencin hagu,
ita ma ta rufe baki da gefen zane.

Kiran aure, karo na biyu:
Didam ɗan gidan Yashim da Zigwai ta Romi.
Wanda ya san dalilin hani
ya sami Fada a ofis,
kada ya kai shi bakin famfo.

Malam Sabi'u mai shayi na tsallaken titi
ya aiko da jakar da aka manta a bencinsa:
carbi mai gicciye, katin asibiti, naira dubu uku.
Ya ce a ƙirga a gaban yaronsa. Mun ƙirga.
Mai ita ta je ta gode masa da bakinta.

Rifkatu ta sauka lafiya, mata biyu.
Matasanmu sun sha kashi a Narayi,
uku ba ko ɗaya, sun ce fili ne ba kyau.

Saura takarda ɗaya, a ninke,
da katikis ya cusa mini a hannu
muna shiga.
Na san rubutun, na ƙi sanin maganar.
Na ɗaga ido zuwa benci na uku,
wajen tagar da ba ta rufuwa,
inda Dogara ke zama da tarinsa,
yana jiran in yi tuntuɓe da sunan wani
ya gyara mini a bainar jama'a.
Hularsa ba ta kan gwiwa.
Gwiwar ma ba ta nan.

Tare muka tsaya gaban injin zare,
tare aka sallame mu ba ko sisi,
shi ya riƙe mini kyandir ran baftismar autana.

Na ce, ɗan'uwanmu,
sai harshe ya yi mini nauyin dutsen niƙa.
Fanka na juyi. Wani jariri ya yi atishawa.
Ban san tsawon tsayuwata ba.
Can Mama Kasham, mai makara kullum,
yau ita ta riga kowa:
ta ɗora tafi a bakin tulu,
ta ja waƙa ƙasa-ƙasa,
mata suka amsa, maza suka bi,
har ruwan robobi ya shiga kiɗan.
A cikin muryarsu na faɗi sunan,
Dogara Kantiyok,
daidai, ba tuntuɓe,
ba kuwa mai gyara mini.

Jana'iza Jumma'a da safe.
Maza su zo da shebur, ƙasa ta jiƙe.
Kowane gida mudun shinkafa, ko abin da ya sawwaƙa.

Na juya shafi, don akwai saura.
Yara masu koyon katikisma, yau da yamma.
Mai babur ja da ya tare motar Fada,
don Allah ya fita ya gyara.

Mu tashi a sa mana albarka.